Motata ta koma ƙas-ƙas ta ƙi tashi, kuma batir lafiyarsa ƙalau

Abin da wasa-wasa ya fara, yau mota ta tashi da murɗa ɗaya, gobe sai na murɗa na saki na sake murɗawa kafin ta kama, har dai ranar da ta ƙi gaba ɗaya. Fitilun dashbod duk sun kawo, rediyo na yi, hon na yi, amma ina murɗa makulli sai in ji ƙas-ƙas-ƙas-ƙas da sauri kamar keken ɗinki, inji kuwa ko motsi. Duk wanda ya zo wucewa sai ya leƙo ya ba da fatawa, wannan ya ce batir ne, wancan ya ce ai kik ɗinka, wato abin da ke juya inji ya tashi, ya mutu ka canza kawai. Ni kuma gaskiya ba na son sayen kaya a kan zato, saboda haka na ɗauko ƴar mitar gwajin wuta da nake ajewa a but na ce bari mu bi abin a hankali.

Bari in fara da ita ƙarar kanta don tana magana in ka saurara. A jikin kik akwai wani ɗan gwangwani, solinoyid, aikinsa biyu ne, yana tura ƙaramin giyan kik ya shiga haƙoran fulawil, wato babban faifan ƙarfen da ke juyawa tare da inji, sannan yana haɗa babbar wuta daga batir zuwa ɓangaren kik ɗin da ke juyawa. To wannan ƙas ɗin da kake ji shi ne yake bugawa. Ma'ana makullinka ya aika saƙo kuma saƙon ya isa, matsalar tana gaba. In ƙarar da sauri take a jere, wuta ce ba ta isa: solinoyid ya kama, kik ya ja wuta, wutar ta faɗi, solinoyid ya saki, wutar ta dawo, ya sake kamawa, haka zai ta yi har ka gaji ka saki makulli. In kuwa ƙas ɗaya ce mai ƙarfi sai shiru, galibi kik ɗin ne da kansa, ko burushinsa, ɗan gawayin da ke kai wuta a cikinsa, ya cinye ko tagullar da ke haɗa wuta cikin solinoyid ta ƙone. In babu ƙara sam wannan wani zance ne daban, fiyus, rile, makulli, ko a otomatik wannan suwic ɗin da ke hana mota tashi in ba a P ko N take ba.

Tawa mai sauri ce, saboda haka batir na fara zargi kamar kowa. Kuma kada wani ya ce maka tunda fitila na kawowa batir na da kyau, wannan maganar tana ɓatar da mutane sosai. Ƙwan fitilar gaba mai wat 55 ko amfiya 5 ba ya ci (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da abu ke ja), shi kuwa kik na ƙaramar mota mai fetur yana iya jan amfiya 100 zuwa 200 a lokaci guda, na dizal ma ya fi haka. Batir ɗin da ya kusa mutuwa zai kunna maka rediyo yini guda amma ya kasa juya inji.

Na ɗora mita a kan batir mota a kashe, ta nuna bolt 12.5, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin wuta. Cikakken batir 12.6 yake nunawa, 12.2 kusan rabi ke nan, in ya sauko 12.0 to ya kusa ƙarewa. Amma wannan lambar ba ta isa hujja ba, sai an ga yadda yake yi in an ɗora masa kaya. Na ce wa ƙanina ya shiga ya murɗa ni ina kallon mita. Batir mai rauni yakan zube ƙasa da 9.6 nan take. Nawa da ƙyar ya motsa, yana nan sama da 12, fitilun gaba da na bari a kunne ma ko dushewa ba su yi ba. A nan ne kaina ya ɗaure na ɗan lokaci, ƙara tana cewa babu wuta, batir yana cewa ga wuta nan ba wanda ya zo ɗauka. To in haka ne ai hanya ce ta toshe a tsakani.

Kawunan batir na duba, na girgiza su da hannu, babu wanda ke rawa, akwai ɗan farin garin nan da ke taruwa amma kaɗan. Na kwance duk da haka, nagatif tukuna kafin fozitif, don in sifana ta taɓa jikin mota kana kwance fozitif alhali nagatif na haɗe tartsatsin da za ka gani ba wasa ba ne. Na wanke da bekin soda da ruwa, na goge da burushin ƙarfe, na mayar na ɗaure. Murɗa, ƙas-ƙas-ƙas. Babu canji.

Abin da mutane da yawa ba sa tunawa shi ne wuta zuwa take ta dawo. Kowa idonsa na kan jar waya mai kauri da ta tafi kik, amma hanyar dawowa ta jikin inji ce, daga inji ta bi wata waya zuwa bodi ko kai tsaye zuwa nagatif, wadda masu rewaya ke kira at. A tawa motar nagatif a bodi aka ɗaure shi, sannan wata waya daban saƙaƙƙiya ta haɗa bodi da giyabos can ƙasa inda ruwa da laka da baƙin mai ke taruwa. Shi ya sa fitilu ke ta haske abinsu, su ta bodi suke komawa, shi kuwa kik yana buƙatar waccan ta ƙasan.

Gwajin ba wuya. Na sa ƙafar mita ɗaya a kan nagatif na batir, a kan dalmar kanta ba a kan maɗaurin ba, ɗayar a jikin inji inda babu fenti, ƙanina ya murɗa. In hanya lafiya take abin da za ka gani bai kamata ya wuce kamar 0.2 zuwa 0.3 ba, a ɓangaren fozitif kuma kada ya haura 0.5. Tawa ta yi tsalle ta nuna bolt da yawa. Don in tabbatar sai na ɗauko wayar jamfa, irin wadda ake jona batir biyu da ita, guda ɗaya, baƙar, na maƙala baki ɗaya a nagatif ɗayan a wani ƙarfe mai kauri a jikin inji, na ce "Murɗa mu gani." Wallahi ko daƙiƙa biyu ba a yi ba inji ya kama. Ƙanin nawa ya leƙo yana cewa "Yaya me ka yi mata?" Ban yi mata komai ba, hanya kawai na ba wutar. Wannan dabarar ta waya ɗaya ita ce na fi so a duk abin, don ko ba ka da mita za ka iya yi, kuma cikin minti ɗaya za ta raba maka gardama.

Da na kwance wayar at ɗin daga waje kamar lafiya, amma ƙarƙashin noti duk tsatsa ce, silin tagullar kuma sun yi kore wasu sun tsinke. Na sa sabuwa mai kauri daidai da ita, na kankare wurin ɗauri har ƙarfe ya fito fes, na ɗaure tam na shafa ɗan giris a sama don ruwa. Kada a raina wannan matsalar fa, in at ɗin inji ta lalace wuta kan nemi hanya ta ƙananan wayoyi ko kebul ɗin kuloci har su yi zafi su narke.

Da a ce ƙas ɗaya ce tawa, da wani ya riƙe makulli ni in ɗan ƙwanƙwasa jikin kik da sifana, sau da yawa burushin da ya maƙale yakan taɓa ya tashi, amma wannan na kai ka wurin gyara ne kawai ba gyara ba ne, kuma a hankali, kik na zamani akwai maganaɗisu a ciki da ke fashewa. In an yi haka shiru, a sa soket a notin fulin inji a gwada juyawa da hannu, in ya ƙi juyawa sam to a daina murɗa makulli, wataƙila inji ne ya buga ko ruwa ya shiga silinda. Kuma ko a wane hali kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, a bar kik ya huce tsakani.

Tunda mota ta tashi sai na ƙarasa da altaneta mai cajin batir, mita a kan batir inji na aiki, ta nuna 14.2, abin da ake so tsakanin 13.5 ne da 14.7. Akwai masu cire kan batir inji na gudu wai su ga ko altaneta na caji, ni kam ba na bari a yi min wannan a mota mai kwamfuta, wutar kan yi tsalle ta ƙona abin da ya fi batir ɗin tsada nesa ba kusa ba, alhali mita za ta ba ka amsar ba tare da ka kwance ko noti ɗaya ba.