Abin da waƙar talla ta koya mini a gidan rediyo

Aikina a wani gidan rediyo a garin Garwa na ƙasar Kamaru shi ne haɗa waƙoƙin talla da na faɗakarwa, wasu da Fulatanci, wasu da Hausa, kaɗan da Faransanci. Buƙatar mai kawo talla ɗaya ce kullum: waƙar ta maƙale wa mutane a kai, har mai babur ya riƙa rera ta a hanyar kasuwa bai sani ba.

Wannan ba shi da wuya sosai. James Kellaris na Jami'ar Cincinnati a Amurka ya gano kusan kashi 98 cikin ɗari na mutane waƙa takan maƙale musu haka. A wani binciken da aka wallafa a 2016 kuma, Kelly Jakubowski da abokan aikinta a Ingila sun duba amsoshin mutum 3,000, suka ga irin waɗannan waƙoƙi suna da ɗan sauri, muryar tana hawa ta sauka yadda kunne ya saba, sai wani ɗan tsalle da ba a zata ba. Kuma guntu ne ke maƙalewa, galibi amshi. Makaɗan biki sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa ba sa wasa da 'yan amshi.

Inda aikin yake shi ne abin da za a saka cikin amshin. Da damina ta kama, ma'aikatan lafiya sukan zo da takarda cike kan kwalara: a tafasa ruwa, a wanke hannu, a haɗa ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti. Duka suke so a ji. To amma yaran unguwa amshi kawai suke ɗauka, baitoci su wuce. In amshin "lafiya uwar jiki" ne, an yi waƙa mai daɗi wadda ba ta koyar da kowa komai ba. Don haka gardamata da su kan layi ɗaya ce, kuma nakan dage ya zama umarni, kamar wanke hannu da sabulu. Sauran bayanin sai mai gabatarwa ya yi shi da baki.

Sannan muryar da aka tsara wa Fulatanci ba ta cika zama a kan Hausa ba. Hausa tana da karin sauti, Fulatanci ba ya da shi. In muryar ta hau inda kalma take sauka, Bahaushe zai ji kamar baƙo ne ke waƙar. Sai an sake tsarawa, ko da mai talla zai yi ƙorafin kuɗi.

Wani dattijo ya taɓa bugo waya yana cewa, "Ɗana, tallarku ta bi ni har cikin salla." Tun daga nan muka daina sa irinta gab da kiran salla. Abokin aikina mai tace sauti, wanda ya fi kowa shan wannan wahala, cingam yake taunawa, don binciken Jami'ar Reading na 2015 ya nuna tauna shi yana rage maimaituwar waƙa a kai.