Ramukan da na ɗauka magudanan ruwa ne

A makona na uku da fara koyon nazarin hotunan sama a Ingila, malamarmu ta ajiye mini hotuna biyu baƙi da fari, irin waɗanda jiragen sojan saman Birtaniya suka ɗauka a shekarun 1940. Redmires ne, tuddan da ke yamma da birnin Sheffield, ƙasa mai dausayi da gajerun ciyayi, wadda ba a nomawa, sai dai tumaki su yi kiwo. Ta ce in faɗi abin da na gani.

Ban ɓata lokaci ba na ce magudanan ruwa ne. Ba ta musa ba. Juya hoton kawai ta yi yadda inuwa za ta faɗo wajena, domin idan ka riƙe shi akasin haka, rami sai ya zame maka tudu, tudu ya zame rami. Sannan ta tambaye ni: "Wane mai hankali ne zai haƙa wa ruwa hanya yana karya kwana duk bayan 'yan taku?"

Nan jikina ya yi sanyi. Ruwa gangare yake bi, waɗannan kuwa a gicciye suke da tudu, ga wasu sirara da ke haɗa layin gaba da na baya. Ramukan atisaye ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kwanar da ta ruɗe ni tana da dalili: in bam ya faɗa, ɓaraguzansa su tsaya a lungu ɗaya, in kuma abokin gaba ya diro ciki, kada ya samu miƙaƙƙiyar hanyar da zai share kowa da harsashi. Na haddace yadda ake haɗa hotuna biyu a ƙarƙashin wani madubi na musamman har tudu da kwari su fito kamar a zahiri, amma ban taɓa tambayar abin da mai haƙan yake tsoro ba. Tun ranar ba na raɗa wa alama suna sai na iya faɗin amfanin siffarta.

Daga baya na bi tarihin wurin. A Satumbar 1914 aka kafa bataliyar birnin Sheffield da 'yan sa-kai, cikinsu har da akawuna da ɗaliban jami'a. A Disamba aka kai su sansanin Redmires, suka yi ta haƙa cikin tsananin sanyi. Ranar 1 ga Yuli, 1916, ranar farko ta gumurzu da sojojin Jamus a yankin kogin Somme, suka auka wa ƙauyen Serre a Faransa. Kafin faɗuwar rana ɗaruruwansu sun mutu ko sun jikkata.

Na je Redmires da ƙafata wata Asabar. Rashin garma ne ya bar ramukan, amma sun cike, wasu da kyar suke kai idon sawu. Sau biyu ina tsallake ɗaya ban sani ba, da hoton a hannuna, sai da rana ta yi ƙasa inuwa ta kwanta a cikinsa.