Wata Huɗu da Na'urar Hoton Ƙirji a Ƙauyukan Sakkwato

Ni mai ɗaukar hoton ƙirji ne a wani asibiti a Sakkwato, kuma na shafe wata huɗu cikin ayarin da ke zagaya ƙauyukan Kware da Wurno domin neman masu tarin fuka. Na'urarmu ƙarama ce, a bayan mota muke ɗaukar ta, ana haɗa ta da kwamfuta mai manhajar ƙirƙirarriyar basira. Da zarar an ɗauki hoto, kafin mutum ya gama sa rigarsa manhajar ta ba da maki tsakanin 0 da 100, ta kuma shafa launi a wurin da take zargi a huhu. Wanda makinsa ya haura iyakar da aka sa, sai a karɓi kakinsa a kai gwajin GeneXpert, wato na'urar da ke neman ƙwayar tarin fuka a cikin kaki. Tun a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da irin wannan manhaja wajen tantance masu shekara 15 zuwa sama, kuma duk ma'aikacin lafiya a jihar nan ya san ƙarancin likitocin da suka ƙware a karatun hoto.

Kanmu bai haɗu ba tun ranar farko. Ma'aikatan jinya sun yi murna domin layi ya daina tsayawa, ni kuwa fargabata ita ce wata rana a ce ba a bukatata. Babban likitanmu tambaya ɗaya ya riƙe: idan manhajar ta yi kuskure, wa zai ɗauki alhaki? Wani mai gari kuma, bayan mun gama gaisuwa a zaurensa, cewa ya yi, "Ɗana, hotunan matanmu ina suke zuwa, kuma wa ke ganinsu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023." Ya gyaɗa kai, amma na ga ambaton doka bai gamsar da shi ba. Sai da muka yarda ma'aikaciya mace ce za ta tsaya wa mata, muka kuma nuna masa allon kwamfutar da idonsa, sannan ya sa aka yi shela.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne al'amarin wani dattijo manomin albasa. Makinsa ya yi sama ƙwarai, jan launi ya rufe saman huhunsa na dama, sai wani matashi a cikinmu ya ce masa a gaban jama'a, "Baba, kana da tarin fuka." Ina tsaye a wurin ban ce uffan ba, domin ni ma makin ya rinjaye ni. Na ga yadda mutanen da ke kan tabarma ɗaya da shi suka ja jiki, shi kuma ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Gwajin kaki bai nuna ƙwayar cutar ba. Da likita ya zauna da shi ya tambaye shi a natse, sai ya bayyana cewa shekarun baya ya sha maganin wata shida ya warke. Tabon tsohuwar cuta manhajar ta gani, kuma tabo irin wannan yakan sa maki ya hau. Aikinta ta yi, wato ta nuna wanda ya kamata a bincika. Mu ne muka mayar da zargi hukunci. Mun koma ƙauyen mun ba shi haƙuri a gaban mai gari, amma ɗansa ya gaya mini an riga an ware masa kwanon abinci har kwana uku.

Likitan nan har yau bai saki tambayarsa ba, sai dai yanzu da kansa yake neman a kawo masa hotuna masu maki babba ya duba. Ni kuma na karkatar da allon yadda masu jira ba sa hangen launi, kuma kafin in dubi maki nakan fara tambaya, "Baba, ka taɓa shan maganin tari na wata shida?"