Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Famfon Zuciya da Igiyarsa

Zancen auren Yaya ya jira mako mai zuwa. Shekarun da na yi a sashen masu ciwon zuciya ne suka tsaya mini a rai, musamman na'urar LVAD, mai taimaka wa raunanniyar zuciya tura jini. Baffa ya sha faɗa mana cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Famfo ne ɗan ƙarami da ake ɗinkewa a tsinin ɗakin zuciya na hagu. Yana zuƙar jini, ya tura shi ta bututu zuwa babbar jijiyar aorta. A samfurin da ake kira HeartMate 3, wadda Amurka ta amince da ita a 2017, maganaɗisu ne ke riƙe da farfelar, tana juyawa wajen sau 5,000 zuwa 6,000 a minti. Jini na gudu babu tsayawa, don haka sau da yawa ba a jin bugu a wuyan hannu. Nan masu ƙaramin sani ke rikicewa: a taɓa hannu, a ji shiru, a ta da hankali, alhali mutum na zaune yana magana. Da dofla, na'urar sauraron gudun jini, ake awon hawan jininsa, kuma ba a son matsakaicin awon ya haura 90.

Amma igiyar ce abin tsoro. Ta fatar ciki take fitowa zuwa akwatin sarrafawa da batura biyu. Ba a cire baturan tare. Batirin ajiyar da ke cikin akwatin minti 15 kawai yake yi. In igiyar na lilo, bakin raunin ba ya haɗewa, ƙwayoyin cuta su bi ta nan su shige. Sai a kafe ta a jikin fata, a riƙa canza bandeji da safar hannu mai tsabta da takunkumi. Babu iyo, babu hoton MRI. 'Yan uwa kan ce ai rauni ya bushe, su daina kula. Maganar Baffa kenan.

Ga maganin hana daskarewar jini kuma, warfarin, ana son INR, wato awon saurin daskarewar jini, ya tsaya tsakanin 2 da 3. Baƙin bayan gida alamar zubar jini ce a hanji. Fitsari ya yi duhu, wutar da famfo ke ci ta hau, to a zargi gudan jini a cikin famfon. Irin wannan ya fi yawa a tsofaffin famfuna, kafin a janye samfurin HVAD daga kasuwa a Yunin 2021. In ruwan jiki ya yi ƙasa, famfo kan tsotso bangon zuciya, ƙararrawa ta yi kuka. Kafin a ɗora wa na'ura laifi, a tambaya ko gudawa ce ko maganin sa fitsari ya yi yawa.