Zauren da Na Kwana a Sakkwato

Shekaranjiya na dawo daga Sakkwato, har yanzu ƙurar hanyar Gusau ba ta bar hancina ba. Ziyarar Hubbaren Shehu ce ta kai ni, amma gidan da aka sauke ni shi ya tsaya mini a rai.

Mai masaukina dattijo ne, aminin marigayi mahaifina, gidansa na ƙasa yana cikin tsohon gari. Zaure ne mai rufin azara, kaurin bangonsa ya fi kamu guda. Waje rana kamar ta narka mutum, ciki kuwa sanyi sai ka ce ruwan randa. Aka kawo fura da nono cike da ƙwarya, mai kaurin da a Kano sai dai ka ji labari. Ina cikin sha na ce, "Baba, gidan nan ai ya kamata gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi."

Ya ajiye ludayi. "Ɗana, mi za ni ci da wannan? Kowace damina ni ka yin yaɓe da kuɗina."

Ashe ya fi ni sanin zancen. Bisa dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa, in aka ayyana gini a matsayin wurin tarihi, ba ka da ikon rusa shi ko sauya masa fasali sai da izini, ko da a ciki aka yanke cibiyarka. Jikokinsa kuwa sun matsa a fasa zauren a yi shaguna biyu na bulo. Shi ba ya so, amma ya ce gara su yi ta musu a tsakar gida da ya riƙa yawon neman takarda kafin ya sake indararo. Na so in musa, sai na tuna ganuwarmu ta Kano: tana cikin jerin, ga shi ana ta cin ta ana gine-gine.

Washegari muka leƙa Surame, kufan birnin Kanta, Sarkin Kabi na dā, da aka ayyana tun 1964. Duwatsu da shiru, ba mai gidan da zai koka.

A kasuwa na sayi jakar jan fata, mai ita ya rantse ya yi asara. A hanyar dawowa wani mai kaki ya tsare mu, ya zazzage kayana a bakin titi, har kilishin da Baba ya ƙunsa mini sai da ya shinshina.