Idan Kansar Furostet Ta Kai Ƙashi

Jama'a, mai dattijo a gida ya karanta wannan. Idan likita ya ce kansar furostet (wata 'yar gaɓa ta maza da ke ƙasan mafitsara) ta bazu zuwa ƙashi, cire furostet ɗin ba zai kawar da ita ba. Abin da ake fara yi shi ne yanke sinadarin testosteron da take ci da shi, wato sinadarin maza da 'ya'yan maraina ke samarwa.

Hanya biyu ce. Ko allurar goserelin a fatar ciki, 3.6mg duk kwana 28 ko 10.8mg duk mako 12, ko a yi ƙaramar tiyata a cire 'ya'yan maraina sau ɗaya, an gama. Dattawa da yawa suna jin tiyatar kamar dandaƙa, kuma ana fahimtarsu, amma aikin allurar da tiyatar ɗaya ne. Abin da ke damuna shi ne allurar: a yi wata uku, kuɗi ya ƙare, a tsallake, sinadarin ya dawo, ciwo ya farfaɗo. Iyali su zauna su yi lissafin aljihu tun farko.

Allurar farko tana ɗaga sinadarin na kwanaki kafin ya sauka, shi ya sa ake haɗa ta da ƙwayar bicalutamide 50mg. Mai ƙarfin jiki akan ƙara masa docetaxel (maganin kansa da ake sawa ta jijiya) sau shida, duk mako uku, ko ƙwayoyin abiraterone da prednisolone. A riƙa auna PSA, gwajin jinin da ke nuna ko maganin yana aiki.

Ciwon baya mai tsanani da raunin ƙafafu, ko fitsari ya tsaya? A tafi asibiti ranar, kada a bari sai gobe: wataƙila ƙari ne ya danne lakar baya.