Talata a Birnin Kebbi: tambayar da Gwaggo ta yi mini

Yau da hantsi na tarar da Gwaggo zaune a kan tabarma a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu cikin rana, ga kwalbar ƙwayoyin bitamin D a gefenta. Wata uku ke nan da aka tabbatar tana da sankarar mama, kuma wata maƙwabciya ta gaya mata cewa ƙwayar tana kashe cutar. Ta ce, "'Yata, ke da kika karanta ilimin sinadaran jiki, in bar allurar asibiti in riƙe wannan?" Gabana ya faɗi, domin na san yadda allurar take galabaitar da ita.

Na gaya mata cewa maganar tana da tushe. Idan rana ta taɓa fata, jiki yana haɗa bitamin D, hanta ta sarrafa shi, sannan ƙoda ta mayar da shi kalsitiriyol, wanda shi ne mai aiki. Ƙwayoyin halittar mama suna da makarɓarsa, wato gurbin da yake kamawa ya yi aiki, kuma a ɗakin gwaji an ga kalsitiriyol yana rage saurin rarrabuwar ƙwayoyin sankara irin na MCF-7 (ƙwayoyin sankarar mama da ake reno domin bincike), yana tura wasunsu ga mutuwa, har yana rage sarrafa isturojin, sinadarin jikin mata da wasu nau'o'in cutar suke dogara da shi. Abin da ya fi tsaya mini a rai tun ina ɗaliba shi ne cewa wasu ƙwayoyin sankarar suna yawaita sinadarin CYP24A1, wanda yake rusa kalsitiriyol kafin ya gama aikinsa.

Sai dai jikin mutum ba farantin gwaji ba ne. A binciken VITAL na Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 2018, mutane fiye da 25,000 ne suka shiga, rabinsu suna shan bitamin D kullum har kimanin shekara biyar, amma kamuwa da sankara bai ragu ba. Shan sa fiye da kima kuma yana tara kalsiyam a jini, ya taɓa ƙoda.

Gwaggo ta yi shiru tana jan carbi, sannan ta miƙo mini kwalbar. Mun tsayar cewa ranar Alhamis za mu tafi da kwalbar wurin likita, ya duba ko Gwaggo tana buƙatar ƙwayar domin ƙarfin ƙashi, allura kuwa ba fashi. Bayan Magariba na saka kwalbar cikin jakarta, tare da katin asibiti.